Shirun Auta

'Yata ba ta ce uffan ba sai da ta kusa shekara biyar. Likita ya ce galahanga ce, wato ƙwaƙwalwarta tana ɗaukar duniya ta wata hanya daban, kuma kada in sa rai da yawa a kan magana. Ranar da bakinta ya buɗe ina shagona ina guga, ta ja zanina ta ce, "Auta tana jin yunwa." Na ƙona rigar mutane, ko a jikina.

Haka take magana. Ba ta cewa "ni". Auta ta gaji, Auta ba ta son ƙarar fanka. Ita ce ta fari ita ce auta, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa ruɗewa a kan wadda ake nufi.

Da aka canza musu malama a makaranta, sai magana ta fara raguwa. Ta dawo tana nuna abu da yatsa, daga baya ma sai ta kama hannuna ta kai ni gaban abin, kamar yadda take yi tana ƙarama. Tsoro ya kama ni sosai. Na san wannan shirun, na zauna da shi shekaru, kuma na rantse ba zai sake shigo mini gida ba.

Na rufe shago na tafi makarantar. Malamar matashiya ce mai fara'a, irin waɗanda ke zuwa aiki da zuciya ɗaya. Ta ba ni kujerar yara, na zauna gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Ita da kanta ta yi mini bayani, har da murna.

"Maman Auta, dabara na samo mata. Duk abin da ta roƙa, sai in riƙe shi a hannu har sai ta ce 'ina so'. Ruwa ne, alli ne, fita bayi ne, duk ɗaya. In muka biye mata, haka za ta girma ana yi mata dariya."

"To ta faɗa?"

"Tukuna. Amma ta daina faɗin wancan ɗin."

"Malama, ta daina faɗin komai."

Ta ce sai an yi haƙuri, kowane gyara da wahalarsa. Raina ya ɓaci, amma ban ɗaga murya ba, don Auta tana can ƙarshen aji tana jera murafun kwalba a bakin taga, kuma hayaniya tana firgita ta. Na ce ba gardama ta kawo ni ba. Na ce zan zauna a nan, yau da gobe da jibi, har sai an amsa wa 'yata da irin maganar da take da ita. Kayan guga su jira, masu kayan ma su jira.

Na kuwa zauna. Yara suna leƙena suna ƙunshe dariya. Ƙafata ta yi tsami, ban motsa ba.

Da rana ta take, na ga Auta tana lasar leɓe. Ta taso ta tsaya gaban teburin malama inda kofi yake, ta kalle shi, ta buɗe baki, ta rufe. Sai ta juya za ta koma taga ba tare da ta roƙa ba. Malamar ma ta gani. Na kalle ta, na ga fara'ar nan ta bar fuskarta.

Ta ɗauki kofin, ta bi Auta, ta durƙusa a gefenta. Ta ce, "Auta tana son ruwa?"

Auta ba ta kalle ta ba, dama ba ta kallon ido. Ta gyara murfi ɗaya da ya kauce daga layi. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta shanye tas, ta miƙa a ƙara mata. Sannan a hankali, tana kallon bango, ta ce, "Auta ta daɗe tana so."