Zarton da Ake Ja

"Ba haka ake riƙe shi ba," in ji mai shagon, ya miƙo hannu zai karɓi zarton.

"Na sani," Mainasara ya ce, ya janye hannunsa. Bai sani ba. Amma mutumin da ya yi furfura yana kafinta a Daura, ina zai yarda wani Bakano ya koya masa riƙon zarto a gaban jama'a?

Ƙusoshi da makullai ya zo saye Kano. Saƙon maƙwabcinsa Sabiru ne ya kawo shi wannan shagon na Sabon Gari, inda ba a sayar da komai sai kayan aikin katako. Kai, shago ya amsa sunansa! Ga zartuna rataye har rufi, ga magagarai, ga guduma iri-iri, ko'ina ƙamshin mai da sabon ƙarfe. Zarton da ke hannunsa siriri ne, ɗan Japan, mai doguwar ƙota.

"Daga Daura ka ce? Ko Malam Sabiru ne ya aiko ka?" Mai shagon, Sharu Abbas, ya washe baki. "Zarton nan shi kaɗai ya rage, don Malam Sabiru na ɓoye shi. Wallahi hannun mutumin nan daban ne. Dubi." Ya zaro waya ya nuna masa hoton wata ƙofa.

Mainasara ya san ƙofar. Yana kallo aka sassaƙa ta, don rumfarsa da ta Sabiru katanga ɗaya ce ta raba su. Tare suka koyi aiki, wurin ubangida ɗaya. Amma duk mai son kujerar zaman banza sai ya zo wurin Mainasara, mai son abin nuna wa baƙi kuwa ya wuce gaba. Hatta ƙofar sabon masallacin unguwa Sabiru aka ba, alhali ciwo ya cinye shi, hannunsa ba ya iya tura zarto. Shi ya sa ya nemi wannan zarton, wai ba ya buƙatar ƙarfi. To yau ga shi har Kano ana yabon Sabiru! Abin ya tsaya wa Mainasara a wuya, hassada ce tsagwaronta, kuma bai yi mata gardama ba.

Ya biya kuɗin zarton ya kamo hanyar gida. Kafin mota ta kai Kazaure ya gama shawara. In babu zarto, ƙofa ba za ta kammalu ba. In ba ta kammalu ba, dattawan masallaci wa za su nema?

Da ya isa gida ya shige bayan rumfa ya gwada shi a ɓoye. Ya tura, zarton ya lanƙwashe. Ya sake turawa, haƙoran suka yi tsalle suka karci katakon. "Aikin banza," ya ce, ya naɗe shi a buhu ya cusa ƙarƙashin benci.

Washegari da hantsi ya yi sallama gidan Sabiru.

"Shigo mana, Baban Raihana," in ji Haulatu matar gidan. "Tun jiya yake cigiyarka."

Sabiru na kwance a tabarma a inuwar darbejiya, wayarsa kusa da matashi. Ƙofar masallacin na jingine da bango, ɓari ɗaya ya gamu, ɗayan kuwa layukan fensir ne kawai.

"Mutumina, an dawo lafiya? Ina saƙona?"

"Wallahi..." Mainasara ya haɗiye rantsuwar. "Ya ƙare. An saye."

Sabiru ya daɗe yana dubansa. Sai ya yi ɗan murmushi, irin wanda Mainasara ya tsana tun suna samari.

"Ba komai. Sharu Abbas yana gaishe ka." Ya huta, ya ja numfashi. "Ja ake yi, Mainasara. Ba a tura shi. Ka ja shi wajenka a hankali, shi zai yi aikin."

Mainasara ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita har yana tuntuɓe da butar alwala. Wani abin haushin ma, bayan kunyar, har yanzu Sabiru ne ke koya masa aiki. Kwance, ba ya iya ɗaga kofi, amma shi ne gwani!

Kullum sai ya ce gobe zai kai zarton. Goben ta yi ta ja da baya har ranar Laraba, da ya ɗauko buhun bayan ya karya kumallo, ya nufi gidan yana shirya abin da zai faɗa. Yana sa ƙafa a zaure ya ji kukan Haulatu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji liman yana fitowa. "Sabiru lokaci ya yi. Malam Mainasara, kai ne kafinta, bi masu haƙa ka daidaita mana itacen kabari."

Haka ya tafi maƙabarta, buhun a hammata. Itacen da za a jera a rufe ramin na zube a gefe, wasu sun yi tsawo. Wani ya miƙo masa gatari, ya girgiza kai, ya kwance buhun.

Ya ɗora zarton a kan icen, hannunsa ya so turawa kamar yadda ya saba. Ya tsaya. Ya ja shi wajensa a hankali.

Zarton ya shige kamar ana yanka sabulu. Bai taɓa yin yanka mai kyan wannan ba, kuma mutum ɗaya da zai gane haka ga shi can ana ɗauke da shi a makara, masu ɗaukarsa sun karyo kwanar maƙabarta. Mainasara ya ci gaba da ja, garin icen na zuba a kan yatsun ƙafarsa.