Gwadon Gwaggo Barira

A bazarar 1997 Hadi ya dawo Fulatan daga ƙasar waje da wani akwatin ƙarfe da ko direba bai bari ya taɓa ba. Aikinsa a can ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ne, wato ɗan guntun abin nan mai yin lissafi a cikinta. Ba irin ta ofis yake ƙerawa ba, ta manyan injuna ce masu riƙe bayanan bankuna, waɗanda ake killacewa a ɗakunan sanyi, ga iyakwandishan, ga ma'aikata suna ta lallashinsu.

To Hadi akwai taurin kai. Ya tsaya gaban shugabanninsa ya ce ƙwaƙwalwar da ya ƙera za ta zauna lafiya a kwamfutar gida, ba sai an sake mata fasali ba. Suka ce zafinta ya yi yawa. Ya ce a ba shi samfurin, wanda shi kaɗai ne a hannu, ya kai shi zafin ƙasar Rogo. In ya ƙone, ya yarda su karɓe aikin su sallame shi.

Ya kafa injin da samfurin ke ciki a ɗakin Gwaggo Barira, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, don nata ne mai taga biyu. Ya tayar da janareto, ya saurari fankokin ciki suna jan iska, sannan ya tafi gaida Dagaci Barau bayan azahar.

Ana cikin gaisuwa a zaure, an tambayi hanya, an tambayi gajiya, sai dagacin ya yi murmushi.

"Ai uwargidana ta leƙa wajen Barira tun ɗazu. Ta ce an karrama injin naka, an lulluɓe shi da gwadon saƙi, har ƙasa."

Hadi ya ɗago kai da sauri.

"Ranka ya daɗe, har ƙasa?"

"Ruf! Ko kusurwa ba a gani. To Liman, a yi wa ɗanmu addu'a."

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Wa ya isa ya miƙe ana addu'a, a gaban dagaci, kuma addu'ar tasa ce? Hadi ya shimfiɗa tafukansa. Liman kuwa ba mai gaggawa ba ne. Ya roƙa wa Hadi, ya roƙa wa iyayensa da suka rasu, ya gangara kan damina mai zuwa da gyaɗar bana. Daga nesa Hadi yana jin ƙugin janareto, yana roƙon Allah a zuci man ya ƙare. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ana shafawa ya nemi izini, ya fita da takalmi a hannu.

Tun daga ƙofar gida ƙauri ya tare shi. Ya faɗa ɗakin ya fizge gwadon. Ƙarfen ya yi zafi kamar murfin tukunya, fankokin suna ta juyawa a banza, allon ya yi baƙi. Ya kashe, ya jira, ya kunna. Shiru. Ya sake. Shiru.

Gwaggo ta shigo da kwanon fura, ta tsaya.

"Hadi, lafiya? Mata ne suke ta shigowa yi maka barka da zuwa, na ga abu mai daraja a tsirara, ga idon mutane. Ko rediyo ai ba a barinsa haka. Gwadon aurena ne, ban taɓa shimfiɗa wa kowa shi ba."

Maganar da ta taso masa mai zafi ce, har ta iso bakinsa. Sai ya ga rediyonta a kan kabad da ɗan ƙyallensa mai ado, ga jeren kwanoninta su ma a rufe. Duk gidan da ya sani a garin nan haka za a yi wa injin, shi kuwa bai taɓa kawo wannan a lissafinsa ba.

"Na yi ɓarna ko?" Muryarta ta yi ƙasa.

"A'a, Gwaggo. Ba ki yi ba."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ajiye furar. Ta ɗauki gwadon daga ƙasa, ta kakkaɓe shi, ta sake lulluɓe injin a hankali, har ƙasa. Hadi ya kama mata ɗaya gefen.