Sunan da Ya Gagari Fasto

Shekara talatin ke nan da Fasto ya sauka a garin nan daga ƙetare da akwati ɗaya, amma harshensa ya ƙi ya zama ɗan gari. Ran Lahadi yana wa'azi, sauran ranaku yana koyar da lissafi, kuma ko'ina harafin "ƙ" ya fi ƙarfinsa. Akwai wani ɗalibinsa da ake wa laƙabi da Baƙi. In ya zo kiran suna sai ya ce Baki, aji ya kwashe da dariya, saurayin ya miƙe ya ce ga shi nan a buɗe. Da ma sarkin surutu ne.

Da yaƙi ya ɓarke aka ba Fasto kaki da muƙamin kyaftin. Samari tara na ajinsa suka bi shi don sun yarda da shi. Shida ya dawo da su, ba Baƙi a ciki.

Tun daga nan ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. In ya hango mahaifiyar Baƙi a layi sai ya sake hanya. Ita ma ba ta ƙara taka cocin ba. Abu ɗaya yake fata kafin ya mutu, matar nan ta yafe masa, amma tsoron tambaya yake.

Bana aka shirya addu'ar tunawa da samarin da ba su dawo ba, aka ce za ta zo. Mako biyu yana tsayawa gaban madubi yana gwada sunan, matarsa na tsokanarsa wai kamar mai ƙaya a wuya. Ya ce ko ba komai zai kira yaron daidai sau ɗaya.

Ranar ya karanta sunaye ukun, na ƙarshe, Baƙi, ya fito tas. Da aka tashi ya same ta a bakin ƙofa, ta dogara da sandarta.

"Fasto, wa ka kira ɗazu?"

Ya ce ɗanta ya kira.

"Ba haka kake kiransa ba. Kullum in ya dawo gida sai ya kwaikwaye ka, har in ƙware don dariya. Shekara goma sha biyu ban ji ba. Kira shi yadda ya saba amsa maka."

Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Baki," ya ce.

Tsohuwar ta kama hannunsa ta riƙe.

"Ga shi nan a buɗe," ta amsa a hankali.