Napep Marar Murya

Tun da yanar ido ta rufe wa Inno duniya, kunnuwanta suka karɓi aikin, kuma ba su yi ragwanci ba. Tana zaune a kan tabarma a gidansu na bayan kasuwar Kusada, za ta faɗa maka akuyar wa ta shigo tsakar gida. Amma babu abin da ta haddace kamar babur ɗin ɗanta Audi, ɗan acaɓa. Tsohon babur ne mai tari kamar wanda ya shaƙi barkono. Da ya karyo kwanar masallaci bayan la'asar, sai ta ce wa surukarta Zahra ta zuba ruwa a buta. A lokacin ne hankalinta ke kwanciya, don ta san yau ma hanya ta maido mata ɗanta.

Kwatsam sai Audi ya rabu da babur, ya karɓi napep mai aiki da lantarki ta hannun ƙungiyarsu. Ba fetur, ba baƙin mai. In batir ya yi ƙasa, ka kai rumfar sola a bakin tasha a musanya maka da cikakke. Unguwa ta yi ta sa albarka.

Ranar farko Inno tana zaune tana jiran tarin nan, sai kawai ta ji sallama a kanta. Ta zabura har carbi ya suɓuce mata.

"Kai, ta ina ka biyo? Ta sama?"

"Napep ɗin ne, Inno. Ba shi da ƙara."

"To ka makantar da ni karo na biyu."

Audi ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Daga ranar la'asar ta zama mata ciwo. Babura na wucewa, kowanne da muryarsa, amma babu nata a ciki. Ba ta san lokacin da za ta fara fargaba ba, balle lokacin da za ta daina. Ta ji haushin abin nan da ke shigowa a saɗaɗe kamar kyanwa, har ta hana Zahra ambatonsa a gabanta.

Wata safiya a ƙarshen damina aka yi suna a gidan ƙanenta a Kunduru. Audi ya lallaɓa ta har ta hau, tana mita, baki a tunzure.

Suna barin gari mitar ta mutu a bakinta. A da, in ta hau babur, ƙara kawai take ji, ta riƙe rigar Audi har a sauka. Yau kuwa sai hanya ta buɗe mata. Ga ganyen dawa yana gogar juna dama da hagu. Ga kurciya can a kan wata bishiya, ga guga yana dukan ruwa a cikin rijiya. Suka wuce mata masu cirar gyaɗa, ta ji har wadda ke tsokanar 'yar'uwarta. Napep na tafiya sumul, iska mai ƙamshin ɗanyen gero tana shafa mata fuska, gyangyaɗi ya fara ɗibarta. Sai ta ga hanyar da idonta na da: ita amarya a bayan keken mijinta, marigayi Malam Dawuda, gyalenta yana tashi, shi kuma yana rera waƙar nan tasa ta noma ta hanci, wadda ba ya buɗe mata baki.

Ta buɗe idanun da ba su gani. Waƙar ba ta tsaya ba. Tana nan a hankali, har da wurin da Malam yake jan numfashi ya sake kamawa. Ta miƙa hannu ta dafa bayan Audi, sai ta ji waƙar tana motsi a ƙarƙashin tafinta.

"Audi, wa ya koya maka waƙar ga?"

"Wace waƙa?" Ya ɗan waiwayo. "Au, ta Baba ce. In dai na hau hanya ita ka zo mani a baki. Tun ranar da na fara acaɓa."

"Duk shekarun ga kana yin ta?"

"Kullum, Inno. Inji ne ka danne ta."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ashe duk yammar da take kasa kunne tana jiran tarin ƙarfe, muryar mijinta ce ke biyo kwanar masallaci a bakin ɗanta, ita ba ta sani ba.

"In ka karyo kwana, ka ɗaga murya," in ji ta.

"Haba Inno, ai sai a ce na taɓu."

"Su ce."

Kashegari bayan la'asar Zahra tana tsintar shinkafa, ba ta ji komai ba sai kukan kaji. Inno ta ɗaga kai, ta ajiye carbi a cinya, fuskarta ta washe.

"Zahra, zuba ruwa a buta. Ga su nan tafe."