Falanki Ɗaya, Haƙori Ɗaya

Tsohon kafinta yana da wata ɗabi'a da kowa a gidan ya gaji da yi wa dariya. Duk katakon da ya taɓa sassaƙawa, sai ya ɗebi ɓarɓashinsa ya zuba a kwalin ashana, ya jera a saman taga. Kwalaye sun fi ɗari. Wani lokaci yakan buɗe ɗaya ya shinshina, ya tsaya yana murmushi, har shayinsa ya huce.

Ranar da aka haifi autarsa ya dasa wata bishiya a bayan shago. Shekara uku da suka wuce iska ta kayar da ita. Da aka tsaga ta, ta bushe, falanki ɗaya tak ya fita da faɗi babu tsagewa. Yanzu Auta ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe, tsoho kuma ya rantse wannan falankin ne zai zama allon kan gadon jikansa, da tsuntsaye bakwai a jiki. Sai dai hannunsa ya fara rawa, gizago ya daina yi masa biyayya. Dole aikin ya koma kan injin sassaƙa mai kwamfuta da Auta ke sarrafawa, wani ɗan ƙarami mai siraran ƙafafu, wanda ko atishawa ka yi kusa da shi sai ya girgiza.

Da hantsi mijinta ya shigo da takarda a hannu. A babbar masana'anta yake aiki, tsoho na kiransa Injiniya.

"Baba, ga lambobin da muke aiki da su," ya ce bayan ya rusuna. "Juyi dubu ashirin da huɗu a minti, zurfin yanka milimita shida, tafiya da sauri. Ba mu taɓa samun matsala ba."

"Injinku nawa ne nauyinsa?"

"Ya kai mota, Baba."

Tsoho ya dubi nasu, ya dubi takardar. "To, a fara da guntun katako tukuna."

Auta ta shigar da lambobin. Inji ya yi kururuwa, ya nutsa haƙorinsa na ƙarfe mai yanka cikin katakon, teburin ya hau kyarma, layin da ya kamata ya miƙe ya yi tafiyar maye. Sai ƙaras! Haƙori ya karye, guntunsa ya faɗa cikin kofin shayin tsoho.

"Madalla," in ji shi, yana tsamo shi da cokali. "Dama sukari bai ji ba."

Auta ba ta yi dariya ba. "Baba, saura haƙori ɗaya fa. Kafin a kawo wani sai sati biyu."

Sati biyu kuwa baƙon da ke hanya ba zai jira ba.

Tsoro ya sa ta rage tafiyar injin har ya koma rarrafe kamar hawainiya. Juyin kuwa ta bar shi yadda yake. Babu kyarma wannan karon, Injiniya har ya fara gyaɗa kai. Can sai ƙauri ya tashi, hayaƙi siriri ya biyo baya, gefen yankan ya yi baƙi ƙirin.

"Tsayar, tsayar!" in ji tsoho. "Gado nake so, ba gawayi ba."

Injiniya ya share gumi. "In an yi sauri ya karye, in an yi a hankali ya ƙone. Baba, injin nan ba zai iya ba."

Tsoho ya dangwali abin da injin ya zubar, ya murza tsakanin yatsu. Laushi kamar hoda, ga zafi. Ya taka zuwa taga, ya daɗe yana zaɓe, ya dawo da kwali ɗaya ya zazzage a tafin Auta. Ɓarɓashi ne 'yan ƙanana, kowanne a lanƙwashe kamar farcen jariri.

"Wannan na gizagona ne, lokacin ina da hannu. Kin ga bambanci? Ƙarfe in yana cizo, zafin yana bin ɓarɓashi ya fita. Naki ba cizo yake ba, lasa yake. Yana ta juyi wuri ɗaya yana gugar katako, ina zafi zai je?"

"Amma da na sake shi ai karyewa ya yi."

"Don kin ba shi lomar ƙato. Ke da kina ƙarama, in uwarki ta cika miki baki, me kike yi?"

"Baba!"

"Furzarwa kike yi, a rigata ma. Amma in an ba ki kaɗan kaɗan, hannu ba ya hutawa. Rage masa zurfi. Rage juyin. Tafiyar kuma ki ƙara."

Injiniya ya juya bayan takardarsa, ya ciro biro, ya yi ta lissafi yana motsa baki. Ya ɗago da kunya. "Zurfi biyu, juyi dubu goma sha shida, tafiya ninki uku na yanzu. Sai ya bi layin sau uku. Lissafin ya yarda da Baba."

"Ka gaishe min da lissafin."

Suka gwada a guntu na ƙarshe. Tsoho ya ɗora tafinsa a gefen tebur, ya rufe ido. Kukan injin ya sauka, ya zama amo mai daɗi irin na ƙudan zuma a cikin rami. Ɓarɓashi ya riƙa tsalle yana sauka a gemunsa. Da injin ya tsaya cak, ya taɓa haƙorin da yatsa. Ɗumi kawai.

"Ɗauko falankin."

Auta ta yi bisimilla ta danna. Awa ɗaya da rabi ba wanda ya zauna sai ita. Tsuntsu na farko ya fito, na biyu ya bi shi. A na biyar injin ya ɗan canza murya, ya ci karo da gaɓa mai tauri a cikin katakon. Amma lomar ƙarama ce, ya tauna ya wuce.

Da na bakwai ya buɗe fiffike, Auta ta hure ƙurar, ta shafa allon. Sumul, babu ko ɗigon baƙi. Sai ta dafa cikinta ta sunkuyar da kai.

"Abokina ne ke shuri?" in ji tsoho. "Ki ce masa ya shigo, an gama. Amma ya sani, gadon aro na ba shi."

Ya durƙusa a hankali, ya tattara ɓarɓashin da ke ƙasa, ya laluba aljihu bai sami kwali ba. Injiniya ya miƙo takardar lambobin masana'anta. Tsoho ya naɗe ta, ya zuba a ciki, ya kai taga.