Zanzaro a Cikin Sifika

Dankure ya ja doguwar waya daga rikodarsa a zaure har amfilifayar ɗakin Inna, mahaifiyarsa, don ta riƙa jin karatun kaset. Sai sifikar ta kama ƙugi. Inna ta rantse zanzaro ne ya shige ciki, kullum tana yi mata hayaƙi.

Dankure ya zargi wayar, amma masu shago a Birnin Kebbi suka ce waya duk waya ce. Bai yarda ba. Ya hau babur har Argungu wurin Kalilu, mai haɗa lasifikar bikin kamun kifi.

"Waya mai jijiya biyu a ciki, in ta yi tsawo, ƙugin lantarki take kwasowa," in ji Kalilu. "Ɗauki mai uku."

Ya dawo ya canza, ƙugi ya ɗauke.

Inna ta ce, "Ka sha rana a banza, ɗan nan. Hayaƙina ya kore shi."