Baba, Wuce Kawai

Ni direban bas ne, kuma babu banɗakin da ban sani ba tsakanin gidanmu da makarantar 'yata Auta. Ciwonta ne ya koya mini su. Likita ya ce hanjinta ne ya kumbura ya yi gyambo, in cikin ya murɗa ba ya jiran kowa. Ta daɗe a gida, har shugabar makaranta ta ce in ba ta dawo wannan zangon ba, sai dai ta maimaita aji.

Aka ɗora ta a kan ƙwayoyin rage kumburi. Jinin da take gani a bayan gida ya tsaya, amma fuskarta ta yi suntum, har yayanta ya laƙaba mata Kumatu. Hankalina ya tashi.

"Auta, a bar maganin nan haka. Dubi fuskarki."

"Baba, likita ya ce ba a yanke shi lokaci ɗaya, a hankali ake ragewa." Ta kora ƙwayar da ruwa, ta harari yayanta. "Kumatuna za su sace. Kai kunnuwanka fa, wa zai rage maka?"

Ranar komawarta ta zauna a kujerar bayana, jaka a cinya. Ta madubi nake kallonta fiye da yadda nake kallon titi. Da muka zo gidan mai, ƙafata ta taka birki da kanta.

"Baba, wuce."

Gaban kantin magani ma na rage gudu, domin mai kantin ya saba miƙo mana makullin banɗaki ba tambaya. Wata fasinja ta ce, "Direba, ƙwai ka ɗauko ne?"

"Baba, wuce kawai."

Sai ga cunkoso a kan gada, wurin da nake tsoro, don babu inda za a sauka. Na ga ta runtse ido, ta dafe ciki. Gumi ya keto mini.

"Auta?"

"Baba, lissafi nake bita. Ka dubi gabanka."

Ko gaskiya ta faɗa, ban sani ba. Na dai ga ta sauka a ƙofar makaranta, ba gudu, ba waige. Wata ƙawarta ta tsaya tana kallon fuskar, sai Auta ta ƙara kumbura kumatun, suka kwashe da dariya suka shige.

Ban ankara ina tsaye ba sai da fasinjar nan ta taɓo ni.

"Malam, an ce ka wuce."